Ba a Fafe Gora Ranar Naƙuda

A ɗakin awo, idan ciki ya cika wata takwas, akwai wani ɗan aiki da ma'aikaciyar asibiti ke yi wanda bai fi minti biyu ba. Takan kwantar da mai cikin, ta ɗora tafukan hannu a saman ciki, daidai ƙasan haƙarƙari, ta lalubi abin da ke wurin, sannan ta gangaro ta kama ƙasan mara da yatsu. Kan jariri take nema. Shi kai a mulmule yake, da tauri kamar ƙoƙo, kuma in an ɗan tura shi yakan gusa ya dawo. In ta same shi a ƙasa, sai hamdala. In kuwa a sama ta same shi, to yaro a zaune yake, ɗuwawu ko ƙafa ne za su riga fitowa, kuma a nan ne ake faɗa wa mace maganar da kan hana gida barci: "Hajiya, yaron nan fa bai juya ba." Abin da yawancin gidaje ke yi da wannan magana shi ne su ajiye ta, su ce a bari a ga abin da Allah zai yi ranar haihuwa. A ganina wannan ajiyar ita ce babbar kasada. Ranar da aka ji maganar ita ce ranar fara shawara, kuma a yawancin garuruwanmu, idan yaro ya ƙi juyawa har ƙarshe, abin da ya fi kusa da tsira shi ne a tsayar da ranar tiyata tun uwa tana tafiya da ƙafarta.

Ba kowane zama ne abin tayar da hankali ba. A mako na 28, kusan jariri ɗaya cikin biyar a zaune yake, domin yana da fili, yana wutsil-wutsil yadda ya ga dama. Yawancinsu da kansu suke kifa kai ƙasa, ta yadda in ciki ya isa haihuwa uku ko huɗu ne kawai cikin ɗari ke rage a zaune. Saboda haka hoton cikin da aka yi a wata na shida ya nuna yaro a zaune bai ce komai ba tukuna, haka kuma wanda ya nuna kai a ƙasa bai ba da tabbaci ba. Mako na 36 shi ne magana. Shi ma lalube da hannu yana kuskure: wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila, aka wallafa a 2019, ya yi wa masu cikin fari kusan dubu huɗu hoto a mako na 36, sai aka tarar fiye da rabin jariran da ke zaune babu wanda ya yi zargin haka kafin hoton. In hannu zai ɓata a can, babu dalilin da za mu ɗauka ba ya ɓata a nan. Idan kuma an tabbatar yaro a zaune yake, akwai matakin da ya kamata a fara tambaya kafin a ambaci wuƙa. Ƙwararren likita yana iya juya yaro ta waje, ya danna cikin da hannu a hankali har kai ya koma ƙasa, daga mako na 36 ga mai cikin fari, ko na 37 ga wadda ta taɓa haihuwa. Ana dacewa a kusan rabin waɗanda aka gwada, kuma an fi dacewa ga wadda ta saba haihuwa. Amma ana yin sa ne bayan an duba inda mabiyiya take, ana sauraron bugun zuciyar yaro, ɗakin tiyata kuma yana kusa, domin a kusan ɗaya cikin ɗari biyu dole a shiga da uwar nan take. Wannan ya sha bamban da murzar ciki da ake yi a ɗaka da man shafawa, inda babu mai ganin abin da ke faruwa a ciki.

Dalilin da ya sa likitoci ke tsoron haihuwar zaune ba ɓoyayye ba ne, kowa zai gane shi in ya dubi jariri sabon haihuwa. Kai ne mafi girma da tauri a jikinsa. A haihuwar da aka saba, shi ke gaba, yana buɗa hanya a hankali cikin sa'o'i, ƙasusuwansa na ɗan haɗewa su daidaita da ƙugun uwa. In ya ƙi wucewa, akwai lokacin da za a gane, a sake dabara. A haihuwar zaune kuwa abin ya juye. Jiki mai laushi ke fara fitowa, wani lokaci tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, sai kai ya zo daga ƙarshe, ba tare da ya samu lokacin daidaita kansa ba. Da zarar yaro ya fito zuwa cibiya, igiyar cibiyar da yake samun iska ta cikinta tana matse tsakanin kansa da ƙashin uwa. Daga nan mintoci ake ƙirgawa. Ga ƙafafu da gangar jiki a waje suna motsi, ga kai a ciki, ga mata sun kewaye ana salati, kuma abin da hannu ke son yi a wannan lokaci, wato ja, shi ne abin da ya fi ɓata lamari, domin ja na sa hannuwan yaro su miƙe su maƙale a bayan wuya, haɓa kuma ta ɗaga sama. Wanda ya iya aikin ya san cewa sai ya kame hannunsa har lokacin da ya dace, sannan ya san yadda zai saukar da hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da kan. Ilimi ne na hannu, ba a koyon sa ranar da ake bukatar sa. Idan kuwa ƙafa ce a gaba, haɗarin ya ƙaru, saboda ƙafa ba ta toshe hanya yadda ɗuwawu ke yi, igiyar cibiya tana iya sulluɓowa ta riga yaron da zarar faya ta fashe.

An auna wannan haɗari, ba zato ba ne. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa sakamakon wani babban gwaji da Dakta Mary Hannah ta Toronto a Kanada ta jagoranta, wanda ya haɗa mata 2,088 a asibitoci 121 na ƙasashe 26. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka shirya musu tiyata, rabi aka shirya su haihu da kansu. A ɓangaren tiyata, jariran da suka mutu ko suka galabaita ƙwarai kashi 1.6 ne cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren kashi 5. Sakamakon ya sauya aikin asibitoci a duniya cikin ɗan lokaci. A Holan, cikin 'yan watanni, yawan tiyatar da ake yi wa masu jariri a zaune ya tashi daga kusan rabi zuwa kashi 80, mutuwar irin waɗannan jarirai kuma ta ragu da kusan rabi.

Mai adalci ba zai tsaya a nan ba, don gwajin ya sha suka, kuma wasu sukar suna da tushe. Da aka bi yaran bayan shekara biyu, ba a ga bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba wajen mutuwa ko tawayar ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗanda suka galabaita ranar haihuwa sun warware. A cikin gwajin kansa, ratar ta fi ƙanƙanta a ƙasashen da dama can mutuwar jarirai ta yi yawa. Sannan a 2006 aka fitar da wani bincike daga Faransa da Beljiyam a kan mata sama da dubu takwas, wanda ya nuna cewa inda aka tace waɗanda suka dace, aka kuma tsare su da kyau, haihuwa da kai ba ta fi tiyata illa ga jariri ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya, a jagorarta ta 2017, ta ƙiyasta mutuwar jariri da kusan biyu cikin dubu idan an shirya haihuwar zaune da kai, da kusan ɗaya cikin dubu biyu idan an shirya tiyata. Ratar tana nan, amma ba rami ba ce mai zurfi. To me ya sa nake cewa a sa ranar tiyata? Saboda sharuɗɗan da suka sa adadin ya yi kyau a Faransa. An auna nauyin yaro da hoto, an tabbatar bai yi girma da yawa ba, an tabbatar haɓarsa na sunkuye, ba ƙafa ce a gaba ba, na'ura na bin bugun zuciyarsa tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, ƙwararren likita na tsaye, ɗakin tiyata a buɗe. Duk da wannan tacewa, kusan uku cikin goma na matan sun ƙare da tiyata ana tsakiyar naƙuda, a gwajin Kanada ma sun haura huɗu cikin goma. Wato wadda ta zaɓi ta haihu da kanta ba ta rabu da tiyata ba, ta dai yarda ne cewa in za a yi, a yi mata a gaggauce. Asibitin da zai iya cika waɗannan sharuɗɗa da ƙarfe biyun dare, ranar Lahadi, ya ba mace wannan zaɓi, ni ban da ja. Kowa ya dubi asibitin da ke kusa da gidansa ya faɗa wa kansa gaskiya.

Hujjar da ta fi nauyi a kan ra'ayina ita ce ita kanta tiyatar a nahiyarmu ba wasa ba ce. Wani bincike da likitocin Afirka ta Kudu suka jagoranta a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, aka wallafa a 2019, ya gano cewa kusan mata biyar cikin dubu ke rasuwa bayan tiyatar haihuwa, ninki hamsin na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Don haka tsohuwar da ke cewa "wance ma da aka shiga da ita ba ta fito ba" ba ƙarya take yi ba, kuma raina tsoronta rashin hankali ne. Sai dai a duba sauran abin da binciken ya nuna: uku cikin huɗu na tiyatocin na gaggawa ne, kuma zubar jini da matsalar maganin sa barci suna cikin manyan abubuwan da ke tare da mace-macen. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da shiri ke rage wa kaifi. A kwatanta mata biyu. Ta farko ta kwana biyu tana naƙuda a gida, an ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, faya ta fashe tun jiya, jiki ya yi zafi. An ɗauko ta a a-daidaita-sahu cikin dare, mijinta na waje yana buga waya yana neman mai irin jininta, likita ɗaya ne a bakin aiki, janareto kuma sai an nemo mai kunnawa. Ta biyu an auna jininta tun mako uku da suka wuce, an ga ya yi ƙasa an ba ta maganin ƙarin jini, ƙaninta ya ba da leda ɗaya an ajiye da sunanta, ta daina cin abinci tun tsakar dare kamar yadda aka ce, ta shiga da safe ma'aikata sun cika. Dukansu za a ce "an yi musu aiki", amma wadda unguwa za ta riƙa ba da labarinta ita ce ta farko, kuma da labarinta za a hana ta gaba zuwa da wuri. Haka muke ta zagaye: tsoro na kawo jinkiri, jinkiri na kawo mutuwa, mutuwar kuma ta ƙara tsoron.

Ita tiyatar da aka shirya, akan sa ta ne a mako na 39, ba kafin nan ba sai da dalili, domin huhun yaro na ƙarasa nuna a makonnin ƙarshe, wanda aka ciro da wuri kuma ya fi fuskantar wahalar numfashi. Da safiyar ranar ya kamata a sake duba kwanciyar yaron, don akwai masu juyawa a daren ƙarshe, in kuwa ya juya babu sauran dalilin yanka. Yawanci allura ake yi a gadon baya, jiki daga ƙirji zuwa ƙafa ya mutu, uwa tana farke tana jin kukan ɗanta na farko. Yankan a ƙasan mara ne, a gicciye, aikin kuma ba ya cika wuce sa'a guda. In komai ya tafi daidai, ana sa yaro a nono tun ranar, washegari ta taka, bayan kwana uku ko huɗu a sallame ta.

Akwai bashin da tiyata ke bari, kuma duk likitan da bai faɗe shi ba bai cika amana ba. Tabo ne a jikin mahaifa, wanda zai bi mace duk cikin da za ta yi nan gaba. A Turai, inda mace ke haihuwa ɗaya ko biyu, wannan ƙaramin lissafi ne. A Arewa maso Yammacin Najeriya kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya shida zuwa bakwai, kuma kusan haihuwa 16 ce kawai cikin ɗari ake yi a asibiti. Yarinyar da aka yi wa tiyata a cikin fari tana da sauran tafiya mai nisa, kuma in ta koma haihuwa a ɗaka, tabon na iya yagewa ana naƙuda, abin da kan tafi da uwa da ɗa gaba ɗaya. Yawan maimaita tiyata kuma na ƙara yiwuwar mabiyiya ta tare hanya ko ta manne wa mahaifa. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ban ce kowace mace ba. Uwar 'ya'ya biyar da ta saba haihuwa salin-alin, yaronta madaidaici, ɗuwawu ne a gaba ba ƙafa ba, ga kuma likitan da ya san aikin, tana da hujjar ta gwada a asibiti. Amma a lura da abu biyu. Na farko, zaman yaro ba lalura ce ta ƙugun uwa ba, sau da yawa ba ya maimaituwa, shi ya sa kusan uku cikin huɗu na matan da suka gwada haihuwa da kansu bayan tiyata ɗaya suke dacewa, muddin an ba da tazarar da ta kai kamar shekara biyu kuma a asibiti aka yi. Maganar "in an fara yanka shi ke nan" ba haka take ba. Na biyu, wanda ya ce a guji tiyata saboda matar ba za ta dawo asibiti a ciki na gaba ba, ya amsa da bakinsa cewa matsalar tana wajen dawowar. Ita ya kamata a gyara, ba a sa ran jaririn yau a caca ba.

Daga nan sai abin da ba a rubuta shi a katin awo, wato bakin mutane. A cikin gida, "ta haihu da kanta" yabo ne, "sai da aka yi mata aiki" kuwa ana faɗinsa da sassauta murya, kamar wata gazawa. Kishiya na iya yin habaici da shi, uwar miji na iya cewa su a zamaninsu goma suka haifa a bayan ɗaki ba wanda ya ji tarinsu. Gaskiya ne sun haifa, kuma gaskiya ne akwai ungozomomin da suka karɓi 'yan zaune lafiya, don yawancin irin wannan haihuwa ma lafiya take ƙarewa. Amma a tambayi tsohuwar nawa ta haifa, nawa suka zo ba rai, nawa suka koma kafin suna. Lissafin yakan sauya. Kwanciyar yaro a ciki ba jarumtar uwa ke juya ta ba, ba kuma ragwantarta ke hana ta ba. Masu cewa sa rana shiga hurumin Allah ne, su tuna manomi ma yana sa ranar shuka, bai kuma fita daga tawakkali ba. Inda shiri ya fi amfani a nan shi ne wajen sa hannu. Sau nawa mace ke kwance ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye, ko ya dawo ya ce sai ya ji ta bakin Hajiya? In tun mako na 37 aka zauna da miji, da uwarsa, da iyayen yarinyar in goyon ciki ta je, likita ya yi musu bayani da Hausa, to an gama wannan muhawara a kan tabarma, ba a bakin ƙofar ɗakin tiyata ba. A wannan zaman ne kuma ya kamata a yi maganar wankan jego, don ruwa mai tafasa da ganye a kan sabon ɗinki ba gata ba ne.

Kuɗi ma hujja ce ta gaske, ba a rufe ta da wa'azi. Binciken 2018 ya nuna kusan haihuwa uku ce kawai cikin ɗari ake yi ta tiyata a Najeriya, adadin da ke nuna cewa mata da yawa masu bukata ba sa samu, a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, Nijar kuwa ta ɗauki irin wannan mataki tun wajen 2005. Sanarwa daban, abin da ake tararwa a tagar biyan kuɗi daban, amma wannan ma dalili ne na fara tambaya da wuri: wane asibiti ne ke cikin shirin, wace takarda ake nema, me za a saya da kai. Mai mako uku a hannu yana iya bin layi, ya karɓi adashi, ya sayar da akuya a farashinta. Mai sa'a uku kuwa duk abin da aka ce masa shi zai biya. Masu zargin cewa wasu asibitocin kuɗi na gaggawar yanka don riba, ba zan ce babu ba. Maganinsa shi ne a nemi ganin hoton, a tambayi ko za a iya juya yaron, a je wani asibitin a ji ta bakin likita na biyu. Duk wannan sai mai lokaci.

Wani nauyin yana kan hukumomin lafiya da makarantun koyon aikin. Tun bayan 2000 likitoci matasa a ƙasashe da yawa suka daina ganin haihuwar zaune, hannu ya mutu. Mu ba mu da wannan sukunin, domin ko an ƙi ko an so, mata za su ci gaba da isowa ƙafar yaro a waje, ba su taɓa zuwa awo ba, tiyata kuma ta riga ta wuce lokaci. Dole kowace ungozomar asibiti da kowane likitan babban asibitin ƙaramar hukuma su riƙa maimaita dabarun a kan 'yar tsana har su zauna musu a hannu. Kira ga a shirya tiyata ba izinin mantawa da wannan ba ne.

Wadda aka sa wa rana kuma ta san cewa naƙuda ba ta duba kalanda, tana iya riga ranar zuwa. Kaya su kasance a ɗaure tun mako na 37, a san motar da za a kira da dare, a san mai ba da jini. Da ta ji ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko ruwa ya zubo, ko ta ga jini, ko motsin yaro ya ragu, tafiya ake yi ba jiran asuba, kuma kalmar farko da za a faɗa a bakin ƙofar asibiti ita ce yaron a zaune yake. In ta ji wani abu kamar igiya ya sauko bayan ruwa ya fashe, ta durƙusa, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, a haka za a kai ta. Bayan an sauka lafiya, a sa likita ya duba ƙugun jaririn, don 'yan zaune sun fi saurin samun gocewar ƙashin ƙugu, wadda ke gyaruwa cikin sauƙi in an gano ta da wuri. Kafin a bar asibiti kuma a karɓi takardar da ta faɗi dalilin tiyatar da irin yankan da aka yi wa mahaifa, a adana ta inda ake adana takardar gida, domin ita likitan da zai karɓi ciki na gaba zai fara tambaya.